Ɗaukar Hoton Jiragen Ƙasa a Kwanar Takalmin Doki da Duwatsun Allegheny: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini game da ɗaukar hoton jiragen kaya da na fasinja a layin dogon da ya tashi daga garin Altoona ya haura duwatsun Allegheny a jihar Pennsylvania ta Amurka. Na amsa su gwargwadon abin da na gani a zuwan da na sha yi wurin, kuma yawancin abin da ke ciki zai yi wa mutum amfani a kowane layin dogo da ke hawan dutse.

Mene ne wannan kwana, kuma me ya sa masu ɗaukar hoto suke tururuwa zuwa can?

Sunanta a wurin mutanen ƙasar Horseshoe Curve, wato Kwanar Takalmin Doki, domin idan aka dube ta daga sama siffarta ke nan. Tana da nisan kimanin kilomita 8 yamma da Altoona. Kamfanin Pennsylvania Railroad ne ya gina ta bisa tsarin babban injiniyansa J. Edgar Thomson, aka buɗe ta a ranar 15 ga Fabrairu, 1854, bayan leburori, yawancinsu 'yan ƙasar Ireland, sun fasa dutse da diga da shebur da albarushi. Matsalar da aka so warwarewa ita ce jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini kamar yadda mota ke yi, saboda ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe. Maimakon a tsallaka kwarin kai tsaye, sai aka bi gefen dutse ta arewa, aka cike rafuka biyu da ƙasa, aka kewayo ta gefen kudu, hawan ya zama a hankali. Tsawon kwanar kimanin mita 724 ne, faɗinta wajen mita 400, kuma jirgi yana juyawa digiri 220 kafin ya fita daga cikinta.

Abin da ke jan mai kyamara shi ne wurin tsayawar 'yan kallo yana cikin tsakiyar kwanar, ta yadda jirgi mai tsawo yakan kewaye mutum ta fuska uku, kansa ya riga ya ɓace a hagu alhali wutsiyarsa ba ta bayyana a dama ba. A 1966 gwamnatin Amurka ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Waɗanne jirage ne ke bi ta nan?

Layin na kamfanin Norfolk Southern ne tun 1999, bayan ya bi ta hannun Penn Central daga 1968 da Conrail daga 1976. Jiragen kaya su ne mafi yawa, dare da rana, sukan kai gomomi a yini guda: masu ɗauke da kwantena biyu-biyu a ɗore, masu kwal, masu tankokin mai da sinadarai, masu sababbin motoci a cikin dogayen taragu rufaffu, da kuma gaurayayyun da ke haɗa komai. Layuka uku ne a jere a kwanar. Da huɗu ne, aka cire ɗaya a 1981.

Na fasinja kuwa shi ne jirgin Amtrak mai suna Pennsylvanian, wanda ke zirga-zirga tsakanin New York da Pittsburgh ta Philadelphia da Harrisburg. An daɗe mai zuwa gabas yana gangarowa da hantsi, mai zuwa yamma kuma yana hawa da la'asar sakaliya, amma a duba jadawalin Amtrak na ranar kafin a fito.

Ɗaukar jirgin kaya da na fasinja ba duk ɗaya ba ne?

Ko kusa. Jirgin kaya ba shi da lokacin da aka sanar wa jama'a, amma idan ya zo yana ba mutum sarari. Mai hawa yakan taho yana nishi a hankali, tsawonsa ya haura kilomita biyu, sai mutum ya ɗauki kansa, ya sauya gilashin kyamara, ya ɗauki tsakiyarsa a lanƙwashe, ya kuma juya ya jira injinan da ke tura shi daga baya. Na fasinja lokacinsa sananne ne, amma gajere ne, inji guda da taragu ƙalilan, kuma ya fi sauri, kafin mutum ya gyara tsayuwa ya wuce. Saboda haka shi dole ne a shirya masa komai tun kafin a ji ƙararsa: a zaɓi inda ake so kansa ya kasance a cikin hoton, a daidaita haske, a gwada ɗaukar wurin babu jirgi, sannan a tsaya.

Akwai kuma bambancin launi da ke rikita kyamara. Injinan Norfolk Southern baƙaƙe ne wuluk, da farin zanen doki a goshinsu, kuma idan suna cikin inuwar dutse sukan fito kamar dunƙulen gawayi, babu ƙofa babu taga. Taragun Amtrak kuwa ƙarfe ne mai sheƙi kamar azurfa, idan rana ta buge su sai su ƙone a hoto su zama fari fat. Wanda ya bar kyamararsa a saitin da ya yi wa baƙin inji, na fasinja ya zo, zai koma gida da hoton da ba zai nuna wa kowa ba.

Ko an shirya ma, layi uku yana da nasa wasan. Na taɓa tsayawa tun safe ina jiran mai zuwa gabas, a watan Oktoba, ganyayen dutsen sun yi ja da rawaya, ranar tana bayana daidai yadda nake so. Na ji ƙahonsa, na ɗaga kyamara, sai ga jirgin kwantena ya shigo ta layin da ya fi kusa da ni ya tsaya mini kamar katanga. Ta tsakanin taragunsa na riƙa hango walƙiyar azurfa tana wucewa. Da katangar ta kau, babu kowa sai ƙarafan dogo. Wani dattijo da ke kusa da ni a kujerarsa ta naɗewa ya yi dariya, ya miƙo mini kofin shayi, ya ce gobe ma rana ce. Tun daga nan, idan na fasinja nake nema, nakan nemi wuri mai tudu ko gada inda zan ga layukan duka daga sama.

Mene ne injinan da ake gani a bayan jirgi ko a tsakiyarsa?

Masu taimako ne, kuma a ganina su ne ainihin labarin wannan layi. Daga Altoona zuwa Gallitzin, garin da ke ƙololuwar hawan, tafiyar kimanin kilomita 19, hawan yakan kai kashi 1.85 cikin ɗari, wato jirgi yana ƙara tudun kusan mita 18 da rabi a kowace kilomita. A ido wannan ba komai ba ne, mai keke ma zai hau, amma ga jirgin da ke jan dubban tan-tan babban aiki ne. Idan aka bar injinan gaba su kaɗai su ja, ko dai ƙarfinsu ya gaza, ko kuma ƙugiyar da ke haɗa taragu ta tsinke. Shi ya sa akan liƙa wa jirage masu nauyi injina a baya su tura, kuma a gangara su taimaka da birki. Wasu jiragen kuma suna da inji a tsakiya wanda babu kowa a cikinsa, direban gaba ne ke sarrafa shi ta rediyo.

Sabon shiga yakan ɗauki kan jirgi ya sauke kyamara, ya shiga duba abin da ya samu. Kuskure ne. Hoton inji daga gaba ana iya samunsa a kowane fili, a kowace tasha. Abin da dutse kaɗai ke bayarwa shi ne hoton da ke nuna wahala: injina biyu a wutsiya suna turawa da iyakar ƙarfinsu, zafin hayaƙinsu yana sa bishiyoyin bayansu rawa, taragun gabansu sun lanƙwashe sun haura sun shige daji. Wanda bai jira ƙarshen jirgi ba ya bar rabin abin da ya zo nema.

Ta yaya zan san jirgi na zuwa?

Da kunne tukuna. Mai hawa yana da gurnani mai nauyi da ake ji a ƙirji mintuna kafin a gan shi, domin kwarin yana tara sauti. Mai gangarowa kuwa kukansa daban ne, wani irin zuuu mai tsawo na birkin inji, wanda ke mai da na'urorin da ke juya ƙafafun su zama masu samar da lantarki, a ƙone wutar ta zama zafi, fankoki su hure. Ga kuma ƙarar ƙafafun ƙarfe suna gugar dogo a kwana, mai shiga haƙori. Bayan yini ɗaya kunne zai bambance su.

Masu abin da gaske sukan riƙe ƙaramar rediyo mai kama da oba-oba wadda ke kamo zancen ma'aikatan dogo, a tsakanin megahaz 160 da 161. A nan ake jin direba da mai ba da hanya suna magana, ana kuma jin muryar na'urar da ke gefen layi, wadda ke duba zafin ƙafafun jirgi ta karanto inda take da layin da jirgin ya bi. Kwanar tana wajen alamar mil 242 cikin lambobin nisa da ke gefen layi, don haka wanda ya san lambobin da ke kewaye da ita zai iya ƙiyasta mintunan da suka rage masa. Saurare kawai ake yi da ita, ba a magana.

Wane lokaci ne hasken ya fi kyau?

Bakin kwanar yana kallon gabas, mai kallo kuma yana fuskantar yamma, saboda haka da safe zuwa hantsi rana tana bayansa tana haska jirgin. Jirgi mai hawa zai fito masa ta dama ya haura ta hagu. Da azahar a watannin zafi hasken yakan sauko tsaye, rufin jirgi ya yi fari, ƙafafunsa su nutse cikin duhu, kuma wannan ne lokacin da ya kamata a je a ci abinci. Da yamma ranar tana komawa bayan dutse, inuwa ta rufe kwanar tun kafin faɗuwarta ta gaskiya, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu.

Ba na raina ranar gajimare. Hasali ma baƙin inji ya fi fitowa da kyau a cikinta, domin babu inuwa mai kaifi. Hazon safiya da ke kwanciya a kan tafkunan ruwan sha na Altoona, waɗanda ke ƙasan kwanar, yakan yi kama da na hunturun gida, sai dai shi jiƙaƙƙe ne, kuma fitilar jirgi idan ta huda shi tana ba da hoton da rana ba za ta taɓa bayarwa ba.

Cikin shekara, Oktoba ce watan ganye mai launi, kuma ita ce ta cunkoson jama'a. Ƙarshen kaka da farkon bazara, lokacin da bishiyoyi suke tsirara, sun fi nuna tsawon jirgi, domin a watannin zafi ganye yakan rufe gefunan kwanar biyu.

Wace kyamara da wane gilashi nake bukata?

Wadda kake da ita. Wayar hannu ma tana aiki a kwanar, tunda jirgin yana kusa kuma ba ya gudu sosai. Mai babbar kyamara yana bukatar gilashi biyu: mai faɗi, wajen milimita 24, don kwaso lanƙwasar da dutsen, da mai jawo nesa, 70 zuwa 200, don kamo jirgin tun yana can gefen kwari. Mai jawo nesa yana da wata fa'ida, yakan matse tazara har hawan da ido ba ya gani ya fito fili a hoto. Illarsa ita ce a ranar zafi tururin da ke tashi daga tsakuwar layi yana narkar da komai na nesa.

Yaya zan saita ta?

Ga jirgin da ke tunkaro ka, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, na fasinja kuma 1/1000 ya fi aminci. Buɗewar ido a f/8 takan wadatar don kai da taragun farko su fito tas. Idan haske ya yi ƙaranci a ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, domin hoto mai ɗan ƙura-ƙura ya fi hoto mai rawa.

Babban tarko shi ne fitilun goshin inji. Idan aka bar kyamara ta auna haske da kanta, da zarar fitilun sun shigo sai ta ɗauka gari ya yi haske, ta rufe ido, hoton ya yi duhu, wani lokaci ma ta rasa inda za ta mai da hankali. Maganinsa a auna hasken da hannu kafin jirgi ya iso, a kan tsakuwar layi ko ciyawar gefe, a kulle shi, a kuma kafa kaifin hoton a daidai inda ake so kan jirgin ya tsaya. A dusar ƙanƙara akasin haka ke faruwa da fari, kyamara takan mai da shi toka-toka, sai a ƙara mata haske mataki ɗaya. Wanda ke son nuna gudu zai iya saukowa zuwa 1/30 ya bi jirgin da kyamara yana juya ƙugu, amma wannan sai an ɓata hotuna da yawa kafin hannu ya faɗa, kuma kada a gwada shi a kan jirgin fasinjan da aka yi yini ana jira.

Ban da kwanar, ina kuma za a tsaya?

Wurin kallo na kwanar yana ƙarƙashin kulawar gidan tarihin ma'aikatan dogo na Altoona, ana biyan kuɗin shiga, yana da lokutan buɗewa, kuma akan rufe shi da hunturu. Daga wurin ajiye mota akwai matakala 194. An gina ƙaramin tarago mai hawa da igiya a 1992, sai dai mai ciwon gwiwa ya tambaya ko yana aiki kafin ya taso. A saman akwai tsohon injin Pennsylvania Railroad mai lamba 7048 a ajiye.

A Gallitzin, can ƙololuwa, layin yana shiga ƙarƙashin dutse. Daga gadar da ke cikin gari ana ganin jirgi yana fitowa daga ramin Allegheny, mai tsawon kusan mita 1,100, wanda aka faɗaɗa a tsakiyar shekarun 1990 don kwantena masu hawa biyu su samu wucewa, aka rufe tagwayensa da ke gefe. Jirgin da ya yi hawan nan da ƙarfinsa duka yakan fito da hayaƙi a bayansa kamar bakin murhu. Gaba kaɗan akwai Cresson, inda aka yi wa 'yan kallo dandamali, sai Cassandra, inda wata tsohuwar gadar ƙarfe ta masu ƙafa ta ratsa saman layukan, kuma nan ne na fi so don jirgin fasinja. A cikin Altoona kanta akwai gadojin masu ƙafa kusa da tashar Amtrak.

Akan ga injina masu launi dabam?

Akan gani. A 2012, da Norfolk Southern ya cika shekara 30, ya yi wa injina 20 fentin tsofaffin kamfanonin da suka narke a cikinsa, har da jan launi mai duhu na Pennsylvania Railroad. Ranar da ɗaya daga cikinsu ke jan jirgi, labari yakan riga shi isowa ta intanet, gadoji su cika. Injinan wasu kamfanonin ma sukan ratso. Ni dai ba na bin su da mota daga gari zuwa gari, domin na ga irin tuƙin da hakan ke sa mutane yi a kan hanyoyin dutse.

Doka ta yarda? Ba za a tsare ni ba?

Ɗaukar hoton jirgi daga wurin jama'a, kamar titi ko gada ko dandamalin kallo, halal ne a dokar Amurka. Abin da ya zama laifi shi ne shiga filin kamfanin: layin kansa, tsakuwarsa, hanyar motocin ma'aikata da ke gefensa, gadojin jirgi da ramuka. Kamfanonin dogo suna da 'yan sandansu masu ikon kama mutum. Idan jami'i ya zo da tambaya, a amsa masa cikin natsuwa, a faɗi abin da ake yi, kada a yi gardama a bakin layi. Wurin yana da tarihin da ya sa ake sa masa ido, domin a Yunin 1942 Jamus ta sauke mutum takwas daga jiragen ruwa masu nutso a gaɓar Amurka don yin ɓarna, wannan kwana tana cikin abin da aka lissafa musu, aka kama su kafin su taɓa komai.

Mai ƙaramin jirgi mara matuƙi kuma yana ƙarƙashin dokar hukumar jiragen sama ta ƙasa: kada ya haura kimanin mita 120, sai da rajista idan nauyinsa ya kai gram 250, kuma mai wurin da za a tashe shi yana da ikon hanawa.

Wane haɗari ne mutane suka fi rainawa?

Jirgi na biyu. Ƙarar wanda ake ɗauka takan rufe ta wanda ke tahowa a ɗaya layin, kuma mai gangarowa yana iya isowa kusan shiru. Jikin jirgi ya fi dogonsa faɗi da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, ban da igiyar ɗaurin kaya da kan kwance ta riƙa shara. Jirgin kaya mai cikakken gudu yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, don haka ko direba ya gan ka babu abin da zai iya yi maka. Gilashi mai jawo nesa kuma yana yaudarar ido game da tazara, shi ya sa ba a ja da baya ko a matsa gaba ido yana cikin kyamara. Dutsen nan ba ya wasa da jiragen kansu ma: a Fabrairun 1947 jirgin fasinja mai suna Red Arrow ya kauce a kwanar Bennington, ƙasa da Gallitzin, mutum 24 suka rasu.

Kada a haska wa direba filasha ko tocila da dare, kada kuma a kaɗa jan ƙyalle a bakin layi, domin yana iya ɗauka alamar tsayawa ce. A ciyawar Pennsylvania akwai kaska mai sa ciwon Lyme, saboda haka a sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, a duba jiki da dare. Da hunturu kuma sanyi yana shanye batir da wuri, sai a ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da jiki, kuma kafin a shiga ɗaki mai ɗumi a sa kyamara cikin jaka a rufe, don kada raɓa ta kwanta a cikin gilashin.

Akwai ladabin da ake bi tsakanin masu ɗaukar hoto?

Akwai, ko da yake ba a rubuce yake ba. Wanda ya riga zuwa shi ke da wurin, mai zuwa daga baya ya tsaya a gefensa ko bayansa, ba a gabansa ba. Idan jirgi ya kusa a yi shiru, domin wasu bidiyo suke ɗauka kuma gurnanin injin suka zo nema. Idan aka ɗaga wa direba hannu yakan mayar, wani lokaci har da ɗan gajeren ƙaho.

Zan iya ɗauka daga cikin jirgin fasinjan?

Za ka iya, kuma ga mazauna New York ko Philadelphia wannan ce hanya mafi sauƙi ta fara ganin wurin. Idan jirgin yamma ya nufa, a zauna a gefen hagu. Idan gabas, a dama, domin nan ne cikin kwanar yake. A nemi taragon baya don a hango injin yana lanƙwasawa a gaba. A manna gilashin kyamara kusa da taga, a kare gefensa da tafin hannu ko baƙar hula don kashe hasken fitilun ciki, a ɗaga saurin ƙiftawa zuwa 1/1000. A watannin sanyi mai zuwa yamma yakan isa wurin bayan duhu ya fara, don haka wanda hoto ya kai shi ya zaɓi na safe, mai tasowa daga Pittsburgh ko Johnstown.